Tebura Da Yawa A Kwamfuta Ɗaya: Tambayoyi Da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da aikin kwamfuta a cikin garin Bauchi, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina ɗalibai ne masu rubuta aikin kammala karatu, da ma'aikatan ofis, da matasan da ke riƙe da shagunan buga takardu a kewayen Wunti da Yelwa. Matsalar da nake yawan gani a wurinsu ita ce cunkoson allo: takardu biyar a buɗe, burauza cike da shafuka, ga WhatsApp, ga foldar hotuna, har mutum ya rasa inda ya ajiye abin da yake nema. Maganin wannan yana cikin kwamfutar tasu tun ranar da suka saye ta, amma kaɗan ne suka san da shi. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa.

Mene ne ake nufi da tebura da yawa?

Fuskar da kwamfuta ke nuna maka bayan ta gama tashi, wadda manhajoji ke buɗewa a kanta, ita ce teburin aiki. Kowace manhaja da ka buɗe tana zuwa a cikin tagarta, kuma a yadda aka saba duk tagogin a kan teburi ɗaya suke taruwa, wata kan wata. Tsarin tebura da yawa yana ba ka damar ƙirƙirar teburi na biyu da na uku da abin da ya fi haka, ka raba musu tagogin, sannan allon ya riƙa nuna maka teburi ɗaya kawai a lokaci guda, sauran kuma suna gefe suna jira, komai nasu a buɗe kamar yadda ka bar shi.

Ka dubi tela a kasuwa. Yana da teburin yanka, yana da keken ɗinki, yana da wurin guga, kuma duk a shago ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha. Idan ya tashi daga yanka ya koma kan keke, ba ya naɗe yadin da ya shimfiɗa, domin ya san zai dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, da alli da almakashi a kai. Haka tsarin yake aiki.

Sai na sayi wata manhaja ko na sauke ta daga intanet?

A'a, muddin kwamfutarka tana ɗauke da Windows 10 ko Windows 11, ko kuma Mac ce, ko Linux, ko Chromebook. A cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar aka gina shi, ba ya bukatar data, ba ya bukatar ko sisi.

Mutane da yawa suna ɗauka sabon abu ne, alhali ya girmi mafi yawan ɗalibaina. A shekarar 1986 masu bincike biyu, Austin Henderson da Stuart Card, suka fito da wani tsari a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka, suka sa masa suna Rooms, wato ɗakuna, inda kowane aiki yake da ɗakinsa da kayansa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 tunanin ya shiga kwamfutocin da ke aiki da babbar manhajar Unix, daga nan Linux ta gaje shi, shi ya sa masu amfani da Linux suka saba da shi tun tuni. Kamfanin Apple ya sa shi a Mac a 2007 da sunan Spaces, a cikin Mac OS X Leopard. Microsoft ne ya yi jinkiri. A zamanin Windows XP akwai wata ƙaramar manhaja ta kamfanin da ake saukewa daban, mai ba da tebura huɗu, amma sai da Windows 10 ta fito a ranar 29 ga Yulin 2015 abin ya zama ɓangare na Windows ɗin kanta. Tun da kusan duk kwamfutocin da ke hannun mutanenmu Windows ce a kansu, kuma da yawa daga cikin malaman kwamfuta a kan XP da Windows 7 suka koya, ba abin mamaki ba ne da aka yi ta koyar da ɗalibai ba tare da an ambace shi ba.

Yaya zan fara a Windows?

Ka riƙe maɓallin Windows, wanda ke ɗauke da tambarin taga a layin ƙasa na kibod, ka danna Tab. Allon da zai bayyana sunansa Task View, kuma zai nuna maka duk tagogin da ke buɗe, tare da jerin teburanka da alamar ƙari ta ƙirƙirar sabo. A Windows 11 jerin yana ƙasan allo, a nau'o'in Windows 10 na baya-bayan nan kuma yana sama. Idan kana son kai wata taga zuwa wani teburi, ka kama ta da linzami ka ja ta ka sauke a kan teburin da kake so.

Wanda zai ci moriyar abin da gaske sai ya haddace haɗin maɓallai uku. Windows da Ctrl da D a tare suna buɗe sabon teburi nan take. Windows da Ctrl da kibiyar dama ko ta hagu suna kai ka teburin da ke gaba ko na baya. Windows da Ctrl da F4 suna rufe teburin da kake kai, sai dai a laftof da yawa dole ka haɗa da maɓallin Fn kafin F4 ya yi wannan aikin. Idan laftof ɗin na zamani ne, jan yatsu huɗu dama ko hagu a kan faifan taɓawa ma yana sauya teburi.

Akwai wurin da nake tsayawa in ja kunnen ɗalibai, domin na ga ɓarnar da ake yi a nan. Maɓallin Windows shi ne jigon haɗin, kuma idan yatsa ya kuskure shi, sauran biyun suna da nasu aikin daban. Ctrl da D kaɗai, idan kana cikin folda kuma ka zaɓi wani fayil, jefa shi kwandon shara za su yi. Ctrl da F4 kaɗai suna rufe takardar da kake rubutawa ko shafin da kake karantawa. A wasu tsofaffin laftof kuma, idan aka danna Ctrl da Alt da kibiya, hoton allo yakan juye ya kwanta ko ya kife, sai mai na'ura ya firgita ya ɗauka ta lalace, alhali Ctrl da Alt da kibiyar sama za su miƙar da shi. Saboda haka a yi gwajin farko a lokacin da babu wani aiki mai muhimmanci a buɗe.

Idan na rufe teburi, aikin da ke kansa ya salwanta ke nan?

Bai salwanta ba. Rufe teburi ba ya rufe manhaja ko ɗaya, tagogin da ke kansa suna komawa teburin da ke maƙwabtaka da shi ne, da duk rubutun da ke cikinsu.

Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabait 4 ne kacal. Ba zai ƙara mata nauyi ba?

Teburin da babu komai a kansa kusan ba ya cin komai, domin ba wata sabuwar kwamfuta aka tayar ba, jeri ne kawai da babbar manhaja ke riƙewa na cewa taga kaza ta teburi kaza ce, sai ta nuna wasu ta ɓoye wasu. Abin da ke cin batir da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take yi a ciki, shi ne manhajojin da ke buɗe, kuma nauyinsu ɗaya ne ko a teburi ɗaya suke ko a biyar.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma masu ƙananan na'urori ne suka fi faɗawa cikinsa. Da yake allon ya zama fes, mutum yakan manta cewa akwai CorelDRAW a buɗe a teburi na uku, da burauza mai shafuka masu yawa a na biyu, sai ya ci gaba da buɗe wasu har na'urar ta fara jan ƙafa. Manhajar da ba ka gani ba barci take yi ba. Saukar fayil tana ci gaba, sautin bidiyo yana ci gaba da fita, data tana ci gaba da tafiya, wanda kuwa ya haɗa kwamfuta da wayarsa don samun intanet ya san ciwon wannan. Duk wanda ya ce maka tsarin zai ƙara wa kwamfuta sauri bai fahimce shi ba. Abin da yake gyarawa shi ne hankalin mai aiki da lokacinsa, ƙarfin na'ura kuwa yana nan yadda yake.

Ina da shagon buga takardu. Zan iya ɓoye takardun wani kwastoma a wani teburi don na gaba kada ya gani?

Wannan tambayar ita ce ta fi damuna, domin amanar mutane ce a ciki. A lokacin rajistar JAMB ko ta bautar ƙasa, shago ɗaya yakan riƙe hotunan mutane, da lambobinsu na shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawarsu, wani lokaci har da takardun fili ko na asibiti. Mayar da irin waɗannan zuwa teburi na biyu yana da amfani guda ɗaya: wanda ke tsaye a bayanka yana kallon allo ba zai gan su ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ba masu shaguna shawarar su ware teburi ɗaya domin kwastoman da ke gabansu kawai.

Amma labule ne, ba ƙofa mai kwaɗo ba. Duk wanda ya zauna a kujerarka ya danna Windows da Tab zai ga komai, babu kalmar sirri da za a tambaye shi. Fayilolin duk a wuri ɗaya suke, asusun imel da ka shiga a burauza yana nan a buɗe a kowane teburi, abin da ka kwafa a teburi na ɗaya za a iya manna shi a na uku. Idan za ka tashi zuwa salla ko ka bar yaron shago shi kaɗai, ka danna Windows da L ka kulle na'urar baki ɗaya. Idan kuma mutane da yawa ne ke amfani da kwamfutar, kamar a gida inda yara ke taɓa ta, ko a ofis inda ake karɓa-karɓa, abin da ya dace shi ne a buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. Wannan ne ke raba fayiloli da gaske.

To me ya raba shi da sauke tagogi ƙasa, ko amfani da Alt da Tab?

Alt da Tab suna kai ka daga taga zuwa taga, ɗaya bayan ɗaya. Sauya teburi kuwa yana kai ka daga aiki zuwa aiki, da duk tagogin da aikin ke bukata, a jere yadda ka tsara su. Ɗauki misalin ɗalibar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke rubuta babi na biyu na aikinta. Ta sa Word a rabin allo na hagu, takardar da take nazarta a rabin dama. Can sai saƙon mai duba aikinta ya shigo, ga kuma lissafin da take yi a Excel. Idan teburi ɗaya gare ta, duk lokacin da ta duba saƙo sai ta dawo ta sake neman tagogin nan biyu a cikin tarin sauran, kuma a wannan neman ne zaren tunanin da take bi yake tsinkewa. Idan kuwa rubutu na teburi na ɗaya, lissafi na na biyu, saƙonni na na uku, da dannawa ɗaya za ta je, da dannawa ɗaya za ta dawo ta tarar da jimlar da ta bari tana jiranta.

A Windows, bisa tsarin da take zuwa da shi, Alt da Tab da kuma layin manhajoji na ƙasan allo suna nuna tagogin teburin da kake kai ne kawai. Mai son ganin duka zai iya sauya wannan a cikin Settings, sashen System, ƙarƙashin Multitasking. Ni dai na fi son a bar shi yadda yake, domin rabin amfanin tsarin yana cikin rashin ganin abin da ba a bukata yanzu.

Na ji ana maganar kwamfuta a cikin kwamfuta. Shi ne wannan?

Ba shi ba ne. Wancan shi ne a yi amfani da manhaja irin VirtualBox ko Hyper-V a tayar da wata babbar manhaja sukutum a cikin taka, misali Linux a cikin Windows, kuma yana cin RAM sosai. Akwai kuma tsarin da manyan kamfanoni ke amfani da shi, inda ma'aikaci ke shiga wata kwamfuta da ke nesa ta intanet. Sunayen sun yi kama a Turanci, namu virtual desktop, kwamfuta a cikin kwamfuta kuma virtual machine, shi ya sa ake rikita su.

Me ya sa fayilolin da na ajiye a fuskar kwamfuta suke bayyana a kowane teburi?

Saboda tagogi kawai ake rabawa. Gumakan da ke fuskar kwamfuta abubuwa ne da ke cikin folda guda, kuma wannan foldar ɗaya ce ga duk teburan, don haka idan ka goge fayil a teburi na biyu ya gogu ko'ina. Abin da za ka iya bambantawa shi ne suna da hoton bango. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020 ana iya raɗa wa kowane teburi suna, Windows 11 kuma, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ta ba da damar kowanne ya samu hoton bangonsa. Ina ganin wannan na biyun ya fi amfani fiye da yadda ake zato, domin ido yana gane launi kafin ya karanta suna.

Akwai manhajar da nake so ta bi ni duk inda na je. Zai yiwu?

Zai yiwu. Ka buɗe Task View, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan tagar, za ka ga zaɓin nuna wannan taga a duk tebura, da wani zaɓin na nuna duk tagogin wannan manhaja a duk tebura. Ya dace da kalkuleta ko agogo ko ƙamus. Ban ba da shawarar a yi wa WhatsApp haka ba, tun da yawanci shi ne abin da ake ƙoƙarin nisanta daga wurin aiki tun farko.

Wani abin da ke ba sababbi mamaki shi ne, wani lokaci idan ka buɗe takarda alhali manhajarta tana buɗe a wani teburi, Windows takan ɗauke ka ta kai ka can. Ba lalacewa ba ce, sai ka ja tagar ka mayar da ita inda kake so.

Idan ina gabatar da darasi da majigi, ko ina nuna allona a Zoom fa?

A nan tsarin yana da daɗi, amma sai da lura. Ka tattara abin da za ka nuna a teburi ɗaya mai tsabta kafin a fara, ka bar sauran harkokinka a wani. Sai dai ka sani cewa idan majigin yana kwafar allonka ne, ko kuma dukkan allon ka zaɓa ka nuna a Zoom, duk teburin da ka koma jama'a za su gani tare da kai, kuma sanarwar saƙonni tana faɗowa a kowane teburi kake, don haka ka kashe ta kafin taro. A Windows, idan allo biyu ka haɗa, sauya teburi yana sauya su duka a tare. A Mac kuwa, tun 2013, kowane allo yana iya samun nasa teburan daban, kuma a ganina a wannan fannin Mac ta fi.

Masu Mac da Linux da Chromebook fa?

A Mac, Control da kibiyar sama suna buɗe Mission Control, takwaran Task View, wanda ya haɗiye Spaces tun 2011, kuma a saman allon ake ƙara teburi, har zuwa 16. Control da kibiyar dama ko hagu suna sauyawa. Akwai wani saiti da ke sake jera teburan bisa wanda aka fi amfani da shi kwanan nan, kuma ya fi kyau a kashe shi, domin yana hana hannu sabawa da wurin kowanne. A Ubuntu da sauran nau'o'in Linux masu amfani da fuskar aiki ta GNOME, tsarin yana ƙara sabon teburi da kansa da zarar ka sa taga a na ƙarshe, ya kuma cire wanda ya zama fanko, ana sauyawa da maɓallin Windows da Page Up ko Page Down. KDE Plasma, wata fuskar aiki ta Linux, ta fi kowa yawan zaɓi, har ana iya jera tebura a layi-layi sama da ƙasa. Chromebook ta samu nata a 2019.

Idan wuta ta ɗauke ko na kashe kwamfuta, tsarin zai dawo?

Teburan da sunayensu za su dawo a Windows, amma tagogin da ke kansu ba za su dawo haka kawai ba, sai ka sake buɗe manhajojin ka mayar da kowace wurinta. Aikin da ba a adana ba kuwa, babu teburin da zai cece shi, don haka mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ya ci gaba da danna Ctrl da S kamar kullum. Mai laftof yana da mafita: maimakon kashewa gaba ɗaya, ya sa ta barci, ko kuma ya zaɓi Hibernate idan zai daɗe ko batirin ya yi rauni, domin wannan yana rubuta halin da na'urar take ciki a kan faifan ajiya, ta mutu ba ta shan batir, in ta tashi kuma kowace taga tana kan teburinta.

Tebura nawa ya kamata in buɗe?

Ka fara da biyu: ɗaya na aikin da ke gabanka, ɗaya na saƙonni da intanet. Ka yi mako guda a haka har yatsunka su saba da haɗin maɓallan ba tare da ka duba kibod ba, sannan ka ƙara na uku idan akwai wani aiki da ya cancanci wurinsa. Na ga masu ɗoki da suka buɗe bakwai ko takwas a ranar farko, suka koma neman taga a cikin tebura kamar yadda da suke nemanta a cikin tagogi, kafin mako ya zagayo sun watsar da abin. Yana da kyau kuma kowane aiki ya riƙe gurbinsa kullum, rubutu a na ɗaya yau, a na ɗaya gobe.

Har yanzu Windows 7 nake amfani da ita. Ina mafita?

Windows 7 da Windows 8 ba su da wannan tsari a cikinsu. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Desktops a cikin kayan Sysinternals na Microsoft da ke ba da tebura huɗu, sai dai ba ta bari a ɗauke taga daga wani teburi zuwa wani. Amma damuwar mai Windows 7 ta wuce ta tebura, domin Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adin tallafinta na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana bukatar aƙalla RAM gigabait 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin laftof da yawa da ake shigo da su na hannu ba su da shi. Idan na'urarka ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ka nemi mai gyara ya gwada maka Linux Mint ko Ubuntu daga filas kafin a girka, ka duba ko firintarka da manhajojin da kake cin abinci da su za su yi aiki a kai, kuma ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.